Masu gyaran tsohon gidan kakanmu: aiki ya yi kyau, amma sun gwada min haƙuri

Tun da na ɗora hoton falon nan mutane ke ta tambayata su wa suka yi aikin kuma ya suke, to bari in faɗi yadda muka kwashe da su, daɗin da rashin daɗin duka.

Gidan ya doshi shekara 100, bango mai kauri, ƙofofin katako na asali. Matsalar ta faro ne daga wani gyara da aka yi can baya, aka shafe bangon ciki da siminti aka bi da fenti mai ƙyalli, tun daga lokacin gindin bango kullum a jiƙe, fenti na kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar gishiri yana fitowa, ga warin danshi da ke kama tufafi. Ni dai buƙatata mai sauƙi ce, a sake filasta a manna tayil zuwa ƙugu kowa ya huta.

Ogan nasu ya ce ba zai yi ba. Wallahi haushi na ji, da kuɗina fa. Sai ya ciro makulli daga aljihu ya dinga ƙwanƙwasa bangon, wani wuri ka ji kwas kwas, wani wurin kuma ɓurum kamar ganga, wato simintin ya riga ya rabu da bango yana rataye ne kawai. Ya ce yallaɓai bangon nan da can numfashi yake, ya sha ruwa ya fitar, siminti da fentin mai ne suka toshe masa hanci, in ka ƙara tayil ruwan ba inda za shi sai sama, baɗi a saman tayil ɗin za ka ga tabon. Ni da na ɗauka siminti tun fil azal da shi ake gini, sai da na duba na ga ashe a 1824 Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a Ingila, kuma ya daɗe kafin ya zama ruwan dare a gidaje.

Suka fasa simintin da guduma da kurfi a hankali, suka bar bangon tsirara ya sha iska, sannan suka yi yaɓen farar ƙasa, laim ɗin nan da ake kwaɓawa da yashi. Shafi uku, kowanne sai an jira kwanaki ana yayyafa masa ruwa kar ya bushe da sauri ya tsage, don shi ba kamar siminti yake kamawa ba, iskar kabon da ke yawo yake zuƙa sannu sannu har ya yi tauri. Nan ne lokaci ya tafi. Sati 6 suka ce min, wata 4 muka yi, kuma da tun farko sun faɗi gaskiya da ban kwaso iyali na kai su gidan ƙanwata da ƴar jaka ɗaya ba.

Inda suka burge ni sosai shi ne ƙofofin. Kafin su taɓa sai da suka goga wani ɗan auduga na gwaji a tsohon fentin, take ya koma ja, alamar akwai darma a ciki. Amurka ma sai 1978 ta hana fentin darma a gidaje, to ina ga fentin da ya girmi babana. Suka hana a bi shi da samfefa a bushe, jiƙawa suke su kankare, an shimfiɗa leda, an hana yara shiga, tunda ƙurar ce ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Haka silin ɗakin baya, suka ce asbestos ne, abin nan da ƙurarsa ke lalata huhu, ba a fasa shi ba a huda shi, a jiƙe suka sauke shi ɗaya ɗaya da takunkumi a fuska. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999, mu kuwa shekara da shekaru a ƙarƙashinsa muke kwana. Wayarin kuma sabo fil aka ja, tsohuwar wayar robarta na rugurgujewa a hannu kamar busasshen ganye, ba ta ma da wayar at da ake kaiwa ƙasa don kare mutum daga jan lantarki.

Sai dai fa waya ba sa ɗauka. Ka kira sau biyar sai dare a turo maka "gobe insha Allah". Shara ma sai ka yi magana. Abin da ya fi min ciwo, akwai tsohuwar sakata ta ƙarfe a ƙofar ɗakin kaka, maƙeri ne ya ƙera ta, hannun ya yi sumul saboda yawan riƙo, wani yaronsu ya cire ya watsa a buhun shara ya sa sabuwa mai walƙiya, wai taimako ya yi. Goggo da ta zo ta gani hawaye ta yi. Mun zazzage buhu tara kafin a samo ta, ogan ya ba da haƙuri ya mayar da ita da hannunsa, amma tun daga ranar na bi gidan da alli ina rubuta KAR A TAƁA a kan duk abin da nake so, kuma duk mai shirin ɗaukar irinsu ya yi hakan tun ranar farko.

Zan sake kiransu? E, ga wanda gidansa tsoho ne na gaske kuma yana da wurin zama na wucin gadi. Mai son a gama cikin sati biyu ya tare, ya nemi wasu. Damina ɗaya ta wuce gindin bangon a bushe, warin ya tafi. Tagar kicin dai har yau suna bina da "gobe".