Mahautar Baba a Shara Mansur: rabin kilo ya ciyar da mu shida

Duk wanda ke zaune a ɓangarenmu na Shara Mansur a Makka ya san ƙaramar mahautar nan da ke tsakanin bakala, wato shagon kayan masarufi, da gidan burodi, in ka bar babban titi ka kama layin da ke hawa dutse. Ba ta da allo mai walƙiya, kowa dai wurin Baba yake ce mata. A nan nake sayen niƙaƙƙen nama, kuma tun da maƙwabta suka fara ɗanɗana sloppy joe a gidana suke tambayata sirrin miyar. Amsata ɗaya ce kullum: miyar ba ta da wani sirri, naman ne, kuma naman daga hannun wannan dattijo yake fitowa.

Ga wadda ba ta taɓa ci ba, sloppy joe abincin Amurkawa ne na gida. Niƙaƙƙen naman sa ne ake soyawa da albasa, a zuba masa tumatir da ɗan zaƙi da ɗan tsami, a bar shi ya yi kauri, sannan a cusa shi a cikin burodi mai laushi a ci da hannu. Ƙanina ne ya kawo mana shi bayan ya dawo daga karatu a Amurka, ya ce shi ne abin da ya riƙe shi duk lokacin da kuɗin wata ya ja baya. Labarin da Amurkawa suka fi bayarwa shi ne wani mai girki da ake kira Joe a garin Sioux City na jihar Iowa ne ya fara zuba miyar tumatir a kan soyayyen naman da ake sa wa a burodi, a shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Daga nan ya shiga ɗakunan cin abinci na makarantu, har a 1969 kamfanin Hunt's ya fito da miyarsa a gwangwani da sunan Manwich don uwar gida mai sauri. Tun asali ke nan abincin mai ƙaramin ƙarfi ne, na uwa mai son ta cika cikin yara da ɗan nama kaɗan. Shi ya sa ya zauna daram a gidana, inda baki shida ke jiran tukunya ɗaya.

Wani zai ce to me ya kai ki mahauta, ga mafrum nan, wato niƙaƙƙen nama, daskararre a firjin kowace bakala da kuɗi kaɗan? Araha ba ta ado. Wanda aka niƙa aka daskarar tun da daɗewa, da ya ji zafin kasko sai ya saki ruwa, maimakon ya soyu sai ya dahu, ya koma toka-toka, ƙamshin nan na soyayyen nama ba zai taɓa tashi ba. A sambusa ko cikin makaroni ana iya rufa masa asiri da kayan ƙamshi. A sloppy joe kuwa naman ne gaba ɗaya abincin, babu inda zai ɓuya.

Abin da ya ɗaure ni da wurin Baba shi ne ba ya ajiye niƙaƙƙe a tire. Sai ka zo, ka nuna yankin da kake so a jikin abin da ke rataye, a yanka a gabanka, a auna a gabanka, a niƙa a gabanka. Ranar da na fara gaya masa abin da zan dafa, sai ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Hajiya, miya za ki yi ko ƙofta?" Ƙofta dai niƙaƙƙen nama ne da ake dunƙulawa.

"Miya ce mai kauri, Baba, a burodi za a zuba."

"To ba cinya kike so ba. Cinya ta bushe da yawa. Bari in ba ki kafaɗa da ɗan wuya, kuma niƙa ɗaya za a yi, da faranti mai manyan huji."

Ya yanko, ya shimfiɗa a kan katako, ya bi shi da bakin wuƙa yana zare jijiya da farin tantanin nan ɗaya bayan ɗaya, ya bar kitsen da ke shiga tsakanin tsoka. Da ya kunna injin, damtsen farko da ya fito bai sa mini a leda ba, ya kwashe shi ya ajiye gefe. Na tambaye shi dalili, ya ce wannan ragowar naman wanda ya riga ni ne da ya maƙale a wuyan injin, kuma mutumin rago ya niƙa. Wannan ɗan abin shi ya saye ni. Duk wadda ta taɓa kai naman sa gida ta ji ƙarnin rago ko ɗacin hanta a ciki ba tare da ta saya ba, ta san abin da nake nufi.

Shawararsa kuwa ta yi daidai da yadda su Amurkawan ke yi, ko da yake shi bai taɓa jin labarinsu ba. Su ma naman kafaɗa suke so, mai kitse kamar kashi 20 cikin ɗari. Niƙa ɗaya mai gauri shi ke sa ka ji nama a haƙori. In aka niƙa sau biyu da ƙananan huji, yadda masu ƙofta ke so, da ya shiga tumatir sai ya narke ya zama kamar fate.

Ga yadda nake yi da rabin kilo. Ina ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi sosai, in ɗiga man gyaɗa kaɗan, in baza naman in ƙyale shi, ba na taɓa shi sai ƙasansa ya yi ja-ja-ja. Nan ne mutane da yawa ke gaggawa, suna juyawa tun bai kama ba. Bayan nan in farfasa shi da cokalin katako, in zuba albasa biyu da koren tattasai ɗaya, duk yankan ƙanana, da tafarnuwa ƙwaya uku. In albasa ta yi laushi sai ƙaramin kwalin tumatir ɗaya, in soya shi tare da naman har ɗanyen warinsa ya tafi, sannan kecaf cokali uku, gishiri, masoro, da ruwa kofi ɗaya.

Tsamin shi ne inda na bar hanyar Amurkawa na kama tamu. Su suna ɗiga wani baƙin ruwan ɗanɗano na Ingila, Worcestershire, wanda Lea & Perrins suka fara sayarwa tun 1837. Da na karanta abin da ke bayan kwalbar sai na ga khal ne, wato binega, da albasa da tafarnuwa da ƙananan kifi, da kuma tsamiya. Tsamiya fa, wadda ba ta yankewa a kicin ɗina saboda kunu. Tun daga nan sai in jiƙa ɗan dunƙule a ruwan ɗumi, in tace, in zuba cokali biyu. Maimakon sukarin da suke sawa, ni dibis na dabino nake sa cokali ɗaya, zaƙinsa ya fi zurfi kuma yana ba miyar duhu mai kyau. Sai rabin cokali na yajin tsire, irin wanda masu siriya, wato masu tsire, na unguwarmu ke barbaɗawa, mai ƙuli da citta. Wannan yajin ne ya sa maigidana, wanda ba ya kallon duk abin da aka sa a burodi a matsayin abincin dare, ya fara cewa a ƙaro.

Daga nan wuta ƙasa-ƙasa, minti 15 zuwa 20, ba murfi. In kin ja cokali a tsakiyar kasko kin ga hanya ta buɗe ba ta rufe nan take ba, ya yi. Niƙaƙƙen nama ba a barinsa da ja a ciki, sai ya dahu sarai, domin niƙa tana shigar da duk abin da ke saman nama zuwa cikinsa. Ma'aunin da masana ke bayarwa shi ne zafin digiri 71, kuma wannan daɗewar a wuta ta wuce haka.

Burodi kuwa, samuli, wato dogon burodi mai laushi, na gidan burodin da ke jikin mahautar ya fi mini zagayayyen burodin boga da Amurkawa ke amfani da shi. Ina tsaga shi ta gefe ɗaya, in ɗan ƙwaƙule cikin, in kifa shi a busasshen kasko ya ɗan gasu. Haka yake riƙe miyar, autana ma yana iya ci ba tare da rabi ya ƙare a rigarsa ba. A gefe yankakken kabeji da lemun tsami, ko kokwamba, shi ke nan.

Maganar kuɗi. A sayayyata ta baya-bayan nan rabin kilo riyal 25 na biya. Samuli, tumatir, albasa da tattasai ba su kai riyal 10 ba. Ke nan da abin da bai wuce riyal 35 ba mutum shida suka ƙoshi, alhali in boga za a yi oda daga waje ga wannan adadin, sai ɗari ta yi kuka. Tun da harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari a watan Yulin 2020, kowace uwar gida a ƙasar nan ta koyi lissafi ko tana so ko ba ta so. In wata ya yi nisa, ina dafa adas ja, wani ɗan ƙaramin wake, rabin kofi in juye a ciki, ko in gurza karas biyu. Adas ɗin yana narkewa ya sha ɗanɗanon naman, yara ba sa ma lura, kuma abin da ya rage yana isa karin kumallo, a fasa masa ƙwai a kai a ci da tamis, faffaɗan burodin tanderu.

Amma wurin Baba ba ya rasa abin gyara, kuma zan faɗa domin ina son wurin. Na farko, ɗansa da ke tsayawa in dattijon ya tafi masallaci ko ya je sarin nama, hannunsa yana da nauyi wajen kitse. In ba ki tsaya kin sa ido ba sai ya jefa ƙarin fari a kan ma'auni, kuma ya saba da niƙa biyu domin yawancin masu zuwa ƙofta ko sambusa za su yi. Yaro ne mai ladabi, in kin yi magana yana gyarawa ba musu, "to Mama, yi haƙuri," amma bai kamata sai an yi magana ba. Wanda ya aiko yaro ko direba ba shi da mai tsaya masa. Na biyu, inji ɗaya ne tak ga sa da rago da raƙumi. Kwashe damtsen farko da Baba ke yi yana rage matsalar, bai kawar da ita ba, musamman da yamma bayan injin ya wuni yana aiki. Sannan wurin ƙunci ne, mutum huɗu sun cika shi, babu inda za a ajiye mota, kuma daga bayan la'asar zuwa isha'i layi har bakin titi, balle ranar Alhamis ko jajibirin azumi. A lokacin aikin Hajji farashi yana ɗagawa, ko da yake wannan ba shi kaɗai ba ne, duk garin haka yake.

Ta fuskar tsabta ba ni da ƙorafi. Naman yana cikin firji mai gilashi, ba a sarari ba, katakon yanka ana kankare shi, takardun lafiyar ma'aikata na baladiyya, wato hukumar gari, suna manne a bango inda kowa zai gani, kuma ana biya da katin banki na mada. A garin da zafi ke haura digiri 45 a bazara, firjin nan ba ƙaramin abu ba ne. Ni ma daga mahauta gida nake wucewa kai tsaye, in dafa a ranar ko washegari, in ba haka ba sai firiza.

Wani abin da ba zan so a bari ya wuce ba shi ne hashi, naman ɗan raƙumi. Ba kullum Baba ke kawowa ba, amma in kin dace da shi, ki gwada sloppy joe da shi. Tsokarsa ba ta da kitse kamar ta sa, don haka Baba yana haɗa mini da ɗan yanki na tozo kafin ya niƙa. Yana son ƙarin minti goma a wuta da ƙarin ruwa kaɗan, kuma tsamiya tana karɓarsa fiye da yadda take karɓar naman sa. Surukata, wadda haƙoranta sun daina jure tsire, wannan ne naman da take ci har ta suɗe yatsa, sai dai ita a kan shinkafa take so a zuba mata.

In za ki je, ki je da hantsi, wajen ƙarfe tara zuwa goma, lokacin da naman bai daɗe da isowa ba, injin yana wanke, kuma Baba da kansa ne a kan katako. Ki ce masa kafaɗa da ɗan wuya, niƙa ɗaya, manyan huji. Samulin maƙwabcinsa kuma kada ki saya tun da safe, ki bari sai bayan la'asar da ake fito da sabo, ki aiki yaro ya karɓo daidai lokacin da miyar ke kan ƙaramar wuta.