Kwas ɗin hulɗa da 'yan jarida: hirar gwaji ce ta fi komai

Kwas ɗin jami'an hulɗa da jama'a da ofishinmu ya tura ni, zan iya cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da saura.

Malamar tsohuwar editar labarai ce, kuma nan ƙarfin horon yake. Ta karɓi sanarwar da kowannenmu ya rubuto wa manema labarai, ta bi da jan biro ta soke duk gaisuwa da kirarin shugaba. Sakin layi na farko, in ji ta, ya faɗi wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, kuma don me, domin idan fili ya yi kaɗan daga ƙasa edita yake datse labari.

Hirar gwaji ta fi burge ni. Aka kunna kyamara, malamar ta riƙa juya tambaya ɗaya ta nan ta can har mutum ya fara kame-kame. Da aka maido mana bidiyon, dariya ta hana wasu kallon kansu. Shawararta ita ce ka shiga da saƙonka a shirye, amsa ta zama gajeriya yadda rediyo zai sa ta ba yanka. In kuma kana son magana ta tsaya tsakaninka da ɗan jarida, ku daidaita kafin ka buɗe baki, ba bayan ta fita ba.

Ɓangaren shawo kan rikici kuwa a gurguje aka yi shi. Jita-jita a WhatsApp ba ta jiran taron manema labarai, amma da ƙyar aka taɓo ta, takardun da aka raba ma tsofaffi ne. Sabon shiga zai ƙaru sosai. Wanda ya daɗe a aikin, zaman hirar kaɗai ya ishe shi.