Sharhi a kan Ryzen 7 7800X3D ga mai haɗa kwamfutar wasanni ta 4K

Watanni da dama ke nan ina amfani da firosesa Ryzen 7 7800X3D na kamfanin AMD a kwamfutar da na haɗa domin buga wasanni a allon 4K, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce ko ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, amma ba ga kowa ba.

An fitar da shi a watan Afrilun 2023 a kan dala 449. Yana da ƙwayoyin aiki 8, saurinsa na kaiwa gigahaz 5.0, sai dai abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne ma'ajiyar bayanai ta kusa (cache) mai megabait 96, wadda aka ɗora 64 daga ciki a saman ƙwayoyin. Amfaninta shi ne bayanan da wasa yake nema a kowane lokaci suna nan kusa, ba sai an tafi RAM, babbar ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, an ɗauko su ba. Ban fi jin wannan a yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ba, na fi jin sa a santsin tafiya: a Microsoft Flight Simulator, idan jirgi ya sauko kan babban birni mai cunkoson gine-gine, ɗan tsaikon nan da ke ɓata wa mutum rai ya ragu ƙwarai.

Duk da haka, dole mai saye ya fahimci yadda 4K yake. Allon yana da ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, wato fiye da miliyan 8, ninki huɗu na 1080p, kuma katin hoto ne ke ɗauke da wannan nauyi, ba firosesa ba. A yawancin wasanni firosesa yakan gama aikinsa ya zauna jiran kati, shi ya sa tazarar da ke tsakanin wannan da Ryzen 5 7600 mai ƙwayoyi 6, wanda aka fitar a kan dala 229, take ƙanƙancewa har ta kusa ɓacewa. Yana damuna in ga matashi ya tara kuɗinsa da ƙyar, ya zuba a firosesa, sannan ya haɗa shi da katin da ba zai iya jan 4K ba. Wanda aljihunsa ya takura, ya ɗauki 7600 ya ƙara ragowar a kati.

Lissafin yana canzawa idan an kunna DLSS ko FSR, fasahohin faɗaɗa hoto, domin a nan kati yana zana hoton a ƙaramin girma, misali 1440p, kafin ya faɗaɗa shi. Hotuna sukan ƙaru a daƙiƙa, nauyi ya dawo kan firosesa, kuma a nan ne 7800X3D yake biyan kuɗinsa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ƙarancin cin wuta. An rubuta masa wat 120, amma a lokacin wasa ba kasafai yake kai wa 80 ba, alhali Core i9-14900K na Intel an ba shi damar jan wat 253. Ga wanda yake dogara da inbata da batir, ga kuma zafin bazara, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma fanka mai kyau ta ishe ni ba tare da na sayi mai sanyayawa da ruwa ba. A lura cewa ba a haɗo fanka a kwalinsa.

Yana da nasa gazawar. Ba ya karɓar RAM nau'in DDR4, saboda haka sai an sayi DDR5 da sabon madabod (babban allon da ake jona sassan kwamfuta) mai gurbin firosesa na AM5, kuma mai tace bidiyo ko aikin da ke son ƙwayoyi da yawa zai sami wanda ya fi shi a wannan farashi. A 2023 an sami wasu da suka ƙone saboda wutar da ta wuce kima, aka magance matsalar ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, don haka a sabunta shi kafin a kunna EXPO, tsarin da ke ƙara wa RAM sauri. Magajinsa, 9800X3D, ya fito a Nuwamban 2024 a kan dala 479 kuma ya fi shi sauri, amma a 4K ban ga dalilin da zai sa in canza ba tukuna, musamman da yake gurbinsu ɗaya ne, duk ranar da na sami katin da ya fi ƙarfin wannan firosesa zan iya sauya firosesan ba tare da na canza madabod ba.