Corolla mai maɓallai ko sabuwa mai allo: amsa ga ƙanenmu

Ƙanena, na ga tambayarka tun da safe, kan Corolla ta 2012 mai maɓallai da fitilar halojin, ƙwan nan mai hasken ruwan ɗorawa, da waccan doguwar ta 2021 da aka cusa mata komai cikin allo, fitilunta farare ƙal. Ɗauki Corollar. Ga dalilina, in kana da haƙurin karantawa.

Irin ta nake ja shekara bakwai ke nan. Wata damina na taso daga Tasawa bayan magariba, ruwa ya tare ni tsakanin Agye da Cadawa. Mu biyar ne cikin motar, gilashi ya yi hazo ta ciki lokaci guda, ga kamiyo na zuwa ya sakar mini far ɗinsa, wato babbar fitila, duka a ido. Hannuna na dama ya kai kan klima, ya murɗa iska zuwa gilashi, na hagu ya mayar da fitila kod, wato ƙaramin haske, ni kuwa idona bai bar kwalta ba. Gilashin na washewa sai ga amalanken jaki a gabana, ba fitila, ba ko ƙyallen da zai ɗauki haske, yaro na zaune a kai ya lulluɓa da buhu. Na taka burki na tsaya, tsakanina da shi bai fi tsawon motar ba. Allah ne Ya kiyaye, wannan ba shakka. Sai dai na san da a ce na sunkuya ina neman inda aka ɓoye klima, da labarin ya sha bamban. Maɓalli yana nan inda ka bar shi jiya, yatsa ya haddace shi kamar yadda ya haddace carbi.

Yi lissafin da kanka. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa ɗaya ta sakan. Ka kalli allo sakan biyu, ka yi mita 50 kamar makaho. A hanyar Ɗan Isa ranar kasuwa, mita 50 ta isa ka haɗu da ɗan kabu-kabu, da tunkiya, da mai tura baro. Wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Vi Bilägare, ta gwada wannan a 2022. Aka sa direba yin ƙananan ayyuka irin su canza tashar rediyo da daidaita zafin cikin mota, yana gudun kilomita 110. A tsohuwar Volvo V70 ta 2005 mai maɓallai, ya gama cikin sakan 10, wato tafiyar mita 300 da ɗoriya. A motar zamani da ta fi kowace jinkiri, sai da ya kwashe kusan sakan 45, ya wuce kilomita ɗaya da mita 300. Kuma a filin jirgi aka yi gwajin, inda babu rami babu raƙumi.

Su kansu Turawan sun fara dawowa daga rakiyar abin. Hukumar Euro NCAP, mai ba motoci taurarin tsaro, ta ce daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta kasance da maɓalli ko sanda na zahiri ga sigina, da fitilar gargaɗi mai ƙyaftawa huɗu, da oda, da magogin gilashi, da kiran gaggawa. Volkswagen ma ta ce za ta mayar da maɓallai cikin sababbin motocinta. Mu nan ne har yanzu muke ganin girman allo shi ne girman mai mota.

Mai allon kuwa, na taɓa mallakar irinta wata goma sha ɗaya. Kyamarar baya tana da amfani, ban hana ta wannan ba. Amma zafin watan Afrilu ya kashe rabin allon, klima ta tafi tare da shi, kuma duk garejin da na je a garin nan kallona kawai suka yi. Na sayar da hasara.

A wajen fitila ne zan yi mata adalci kaɗan. LED ɗin, wato farin ƙwan nan da ta fito da shi daga kamfani, ya fi halojin nisa, bai cika ƙonewa ba, bai kuma cin batir. Amma doguwar mota fitilarta a daidai idon mai ƙaramar mota da mai babur take, kuma farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi mai ruwan ɗorawa ɗaukar ido, musamman ga dattawa, waɗanda idonsu ke jimawa bai dawo daidai ba. Wanda ka makantar ɗin nan kanka yake nufowa. Ga kuma wani abu da nake gani kullum a hanyar Tibiri: motocin zamani suna da fitilar rana da ke kunna kanta a gaba, tablo, wato agogunan gaban direba, shi ma kullum a haske yake, sai direba ya ɗauka ya kunna fitila alhali bayansa duhu ne ƙirin. Lokacin hunturu, cikin ƙurar nan, ba ka ganinsa sai ka kusa hawa kansa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Ka yi hattara da dillalai. Wasu suna ɗauko tsohuwar mota su cire rediyonta, su manna mata allon Android mai arha, su zare ƙwan halojin su cusa na LED, su ce maka babbar daraja ce, su ƙara maka jaka ɗaruruwa. Wannan ƙwan shi ne mafi muni. Madubin da ke cikin gidan fitilar halojin an ƙera shi ne don siririyar wayar da ke ci a wuri ɗaya tak. Ka sa masa LED, haske ya watse sama da gefe, kai ba ka ga nesa ba, na gabanka kuma ya makance. Akwai masu shafe gilashin fitilar da ya yi rawaya da mai don ya yi ƙyalli, kwana uku ya koma yadda yake. Akwai masu kashe alamar ABS ta burki da ta jakar iska a tablo, don haka in ka murɗa makulli ka tabbata sun kunna sannan sun mutu da kansu. In ba su kunna ba sam, an taɓa su. Kuma ka bincika ko an juya sitiyari daga dama zuwa hagu, domin fitilar irin waɗannan motoci tana karkata ne zuwa hagu, daidai fuskar mai zuwa.

Kada ka biya kuɗi da rana tsaka. Koma bayan isha'i, ka tsayar da ita mita goma daga bango a ƙasa mai daidai, ka kunna kod. Haske mai kyau yana yanke layi a bangon, ƙasa da tsayin fitilar kaɗan, ya ɗan ɗaga ta dama. In ka ga ya bazu kamar tocilan, a mayar maka da ƙwan asali kafin a yi ciniki. In akwai ɗan ƙaramin abin murzawa mai lamba 0 zuwa 3 gefen sitiyari, na sunkuyar da fitila ne. Duk ranar da ka cika but da buhunan gero gaban motar ya ɗaga, ka murza shi zuwa 2.