Wane ƙamus na Ibrananci ya dace a saya? Gwaji da “busasshen itace”

Kafin ɗalibi ya fitar da kuɗinsa a kan ƙamus na Ibranancin Littafi Mai Tsarki, yana da kyau ya gwada kowanne da kalma guda. Na zaɓi “ets yabesh”, wato busasshen itace, sunan da aka hana bābā ya kira kansa da shi a Ishaya 56:3, wanda kuma ya fito a Ezekiyel 17:24. “Ets” kamar “itace” take a Hausa, domin tana nufin bishiya, tana kuma nufin icen girki ko katako. Wahalar tana ga “yabesh”, wadda rubutunta da lafazinta ɗaya ne ko tana aikatau mai nuna hali, “ya bushe”, ko tana sifa, “busasshe”, sai jimla ce take raba gardama.

Ƙamus ɗin Brown, Driver da Briggs na 1906 ya jera kalmomi bisa tushensu, saboda haka a ƙarƙashin y-b-sh mutum zai tarar da aikatau da sifa da “yabbashah”, busasshiyar ƙasa ta Farawa 1:9, duk a wuri ɗaya, har da ’yar’uwarsu ta Larabci, “yabisa”, wadda duk wanda ya taɓa karatun Larabci zai gane nan take. Yana da araha, ana ma samunsa kyauta a intanet. Sai dai wanda bai iya ciro tushen kalma ba zai sha wuya, kuma an rubuta shi kafin a tono allunan tsohon birnin Ugarit a 1929 da naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri a 1947.

Na Koehler da Baumgartner, wanda maɗaba’ar Brill ta fitar da Turancinsa tsakanin 1994 da 2000, ya cike wannan giɓi, ya kuma bi jerin haruffa, amma tsadarsa ta fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai. Holladay ya taƙaita tsohon bugun aikinsu a 1971 cikin juzu’i ɗaya, ya zubar da kwatancen harsuna. Lambobin da Strong ya ba kowace kalmar Ibrananci kuwa, a nan 3001 ga aikatau, 3002 ga sifa, suna nuna hanya ne kawai, ba sa koyar da nahawu.

A ganina, mai shekarar farko ya sayi Holladay, ya riƙa leƙa na 1906 a waya idan yana neman tushe, na Brill kuma ya bar shi sai ya shiga laburare.