Kwalin haɗa duniyoyi da na saya wa yara, ga yadda muka kwashe

Hutun nan na gaji da rabon faɗa a kan wayata, sai na ci karo da wata mai sayar da kayan yara a Instagram, nan Barnawa take, tana tallar wani kwali da yara za su haɗa duniyoyi da roka da hannunsu. Na tura kuɗi, washegari mai keke ya kawo mana har Unguwar Rimi.

A ciki akwai ƙwallayen farin soso manya da ƙanana, fenti, buroshi biyu, zare, balan-balan, gam da takardar bayani da Turanci. Gam ɗin kam ya bushe ƙamas, sai sitaci na dama muka yi maneji. Fentin ma kaɗan ne, Mushtari, wato Jupiter, shi kaɗai ya cinye rabin ruwan ƙasan, to dama shi ne babbansu, duniyarmu sama da 1,000 za ta shige cikinsa.

Abun da ya ban haushi ƙwallayen duniyoyin guda 9 ne har da Pluto. Babban ne ma ya fara lura, ya ce Umma ai malaminmu ya ce 8 ne. Gaskiyarsa, tun 2006 masana suka cire Pluto daga sahu, takardar tasu tsohon yayi ce.

Amma rokar balan-balan ɗin nan wallahi ita ta biya kuɗina. Mun ɗaura zare daga ƙarfen taga zuwa hannun ƙofar kicin, muka zura tsinken shan lemo, muka hura balan-balan muka manna da salatif, auta ta saki bakin sai fuuu ya tsallake falo, suka dinga ihu har maƙwabciya ta leƙo ko lafiya. Nan na samu bakin yi musu bayani, iska na fita ta baya tana tura shi gaba, haka roka ke feso wuta ƙasa ita kuma ta yi sama, da haka kumbon Apollo 11 ya kai su Neil Armstrong wata a 1969. Sau nawa muka maimaita? Na daina ƙirgawa, kumatuna sai da suka yi ciwo.

Bayan magariba aka ɗauke wuta muka fito tsakar gida, kakarsu ta nuna musu Zara matar wata, na ce Hajiya ai ita ce Venus ɗin da suka shafa wa ruwan ɗorawa ɗazu, duniya ce ba tauraro ba. Ta ce oho dai, su da matar wata suka san ta.

Ba komai a kan Najeriya a takardar, ni na ƙara musu da cewa mu ma mun harba tauraron ɗan adam NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003. Zan ce a saya, amma a tanadi gam da ƙarin fenti, kuma a ɓoye ƙananan ƙwallayen in da mai rarrafe a gida, ɗan ƙanwata saura ƙiris ya haɗiye Pluto.