Primitive FTPd: manhajar da ta sa na daina tonon kebul a durowa

Shagona na buga takardu da wanke hoto yana Samaru, Zariya, kuma rabin aikina a yini ba bugu ba ne, kwaso abu ne daga cikin waya zuwa kwamfuta. Ɗalibi ya zo da furojet ɗinsa a waya, dangin amarya su zo da hotunan da za a yi kalanda, mai neman aiki ya zo da hoton fasfo. Yawanci da Xender nake karɓa zuwa tawa wayar, wannan ba ya ba ni wahala. Inda gizo ke saƙar shi ne daga wayata zuwa kwamfutar da firinta ke jone da ita.

Akwai wata durowa a ƙarƙashin teburina cike da kebul, sun cukurkuɗe kamar taliya. Da yawansu caji kawai suke yi, domin an ƙera su ne ba tare da zaren da ke ɗaukar bayanai ba, kuma ba ka ganewa da ido sai ka jona. Ana haka bakin cajin wayata ya fara saki. Mai gyara ya duba ya ce caji zai ci gaba da shiga, amma kwamfuta ba za ta ƙara ganin wayar ba sai an canza bakin gaba ɗaya. Na koma tura wa kaina ta WhatsApp. Shi kuma idan ka tura hoto a matsayin hoto yana matse shi, ka wanke babba ya fito dishi-dishi. Idan ka tura shi a matsayin takarda ya tafi lafiya, amma ka ci data sau biyu, hawa da sauka, a kan abin da tazararsa ba ta kai taku biyu ba.

Wani ɗalibin sashen kwamfuta da ke yawan zuwa ɗaurin littafi ne ya same ni ina ta tsaki. Ya ce, "Oga, ai wayar nan da kanta za ta iya zama uwar garke, wato na'urar da sauran na'urori ke zuwa ɗibar fayil a wurinta. Kwamfutar ce za ta zo ta ɗiba." Na ce masa ni dai a fitar mini da hoton Hajiyar nan da ke zaune tana jirana tun azahar. Kafin ta gama amsa wayar da ta shigo mata ya gama haɗawa, kuma tun ranar nake amfani da abin.

Sunan manhajar Primitive FTPd, ta wayoyin Android ce. Aikinta guda ɗaya tak: ta buɗe ƙofa a wayarka ta yadda duk na'urar da ke kan Wi-Fi ɗaya da ita za ta iya shiga ma'ajiyar wayar, ta kwafi fayil ko ta ajiye. Hanyar da take bi, wato FTP, ta girme ni. Wani ɗan Indiya mai suna Abhay Bhushan ne ya fara rubuta tsarinta a 1971 yana MIT a Amurka, kuma ƙa'idar da ake bi har yau ta 1985 ce. Tsufan nan shi ne ƙarfinta, don kusan kowace kwamfuta ta san yarenta. Shi ne kuma rauninta, zan zo kansa.

Daga F-Droid muka sauke ta, wato rumbun manhajojin da aka bar rubutunsu a buɗe kowa ya duba. Sai da waya ta tambaye ni ko na yarda a girka abu daga wajen Play Store, na yarda. Kyauta ce, kuma babu talla ko ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin daga baya na gwada wasu irinta guda biyu don in kwatanta, kowacce sai ta cika maka fuskar waya da tallan wasa kafin ka kai ga maɓallin kunnawa, ga kwastoma tsaye a kanka yana kallo.

Ado kam babu. Sunan ma da kansa yana nufin abu na da can, wanda ba a goge ba, kuma ba su yi ƙarya ba. Kana buɗewa lambobi ne za su tare ka: adireshin wayar, lambobin ƙofa biyu, da wasu dogayen haruffa a ƙasa. Wanda bai saba ba zai ɗauka wani abu ne ya lalace.

Ga yadda nake yi kullum da safe. Ina kunna hosfot a wayar, data a kashe. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki, har maƙwabcina mai sayar da katin waya ya yi mini gardama sai da ya gani da idonsa: ba a bukatar intanet sam, wayar da kwamfutar magana suke yi kai tsaye a tsakaninsu. Kwamfutata ta tebur ce, tsohuwa, ba ta zo da Wi-Fi ba, sai na saya mata ɗan ƙaramin abin kama Wi-Fi da ake sokawa a bakin USB, bai kai girman filash ba. Ta hau hosfot ɗin, in danna maɓallin kunnawa a manhajar, sai in je wurin buɗe folda na Windows in rubuta ftp:// a layin adireshi, sannan lambar da wayar ta nuna, mai farawa da 192.168, sai ɗigo biyu da 12345. Ya nemi suna da kalmar sirrin da aka saita a manhajar, in sa, foldojin waya su bayyana. DCIM ta hotuna, Download, da sauransu. Daga nan ja ne da ajiyewa.

Lambar 12345 ɗin nan ta ɗaure mini kai da farko, don na taɓa jin cewa ƙofar FTP 21 ce. Haka ne, amma Android ba ya barin manhaja ta gama-gari ta riƙe ƙofar da lambarta ke ƙasa da 1024, shi ya sa duk masu irin wannan aikin suke zaɓar babbar lamba. Idan ka manta ba ka rubuta ta a bayan adireshin ba, kwamfuta za ta je ta ƙwanƙwasa 21, ba kowa, ta dawo ta ce maka ba ta ga komai ba. Na ɓata rabin sa'a a kan wannan a rana ta biyu.

Batun sauri, bidiyon biki mai gig biyu yana ɗaukar mini kusan minti goma a kan zangon 2.4 GHz, wanda shi kaɗai ɗan abin kama Wi-Fi ɗina ya sani. Da na gwada da laftof ɗin ƙanena a kan 5 GHz, lokacin ya ragu sosai. Kebul mai lafiya ya fi shi gudu, ba na musu, amma ina kebul mai lafiyar? Inda yake jan ƙafa shi ne ƙananan fayiloli masu yawa, domin FTP yana buɗe sabuwar hanya ga kowane fayil. Hotuna ɗari biyar ƙanana sun fi bidiyo ɗaya mai nauyinsu cin lokaci. A nan FileZilla ya shigo, wato manhajar kwamfuta ta kwasar fayil ta hanyar FTP. Na girka shi a kwamfutar, yana jan fayil biyu ko fiye a lokaci guda, kuma idan an ɗauke wuta ana tsaka da aiki, in tayar da inji in dawo, zai ci gaba daga inda ya tsaya maimakon ya koma farko. Wanda ke zaune inda wuta ke zuwa da tafiya ya san darajar wannan.

Akwai abubuwan da sai ka sani tukuna. Wayoyi da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a bayan fage don tattalin batir. Tawa ta yi mini haka sau uku: fuskar waya ta mutu, tura fayil ya tsaya cak. Sai da na shiga saitin batir na cire manhajar daga cikin waɗanda ake takura wa, kuma yanzu wayar a jone da caji take in dai aikin mai tsawo ne, don hosfot yana shan batir yana kuma ɗumama waya. Adireshin ma ba ya zama ɗaya. A tsofaffin wayoyi hosfot kusan kullum 192.168.43.1 ne, sababbin Android kuwa suna canza shi, don haka duba fuskar manhajar kafin ka rubuta. Katin memori sai ka shiga saiti ka nuna wa manhajar foldar da ka ba ta izini kafin ta iya rubutu a ciki, kuma tun daga Android 11 akwai foldoji irin su Android/data da aka rufe wa manhajoji. Kada kuma ka wahalar da kanka da burauza, Chrome da Firefox duk sun cire FTP a 2021. Abin da ya fi damuna a aikin hoto shi ne ba ka ganin ƙananan hotunan samfoti, sunaye kawai, IMG da dogayen lambobi. Idan kwastoma ya ce "wancan da na sa jar hula", sai in duba sunan a waya tukuna.

Yanzu kuskurena. A makon farko na gaji da rubuta kalmar sirri, sai na kunna zaɓin da ke barin kowa ya shiga ba suna. Hosfot ɗina kuwa yaron shagona ya san mabuɗinsa, ya kuma ba abokansa biyu na shagon ɗinki da ke gefe. Wata la'asar ina lissafin cinikin rana sai na ji ya ce, "Baba, ashe ka je Kaduna ranar Lahadi?" Na ɗago. Yana zaune a kan benci da wayarsa a hannu, ya buɗe foldar hotunana ta wata manhajar duba fayil, yana kallon hoton sunan jikar yayata. Ba da mugun nufi ya yi ba, adireshin ya gani a kwamfuta ya gwada. Amma a foldar da ke kusa da waccan akwai hotunan amaren mutane, da takardun haihuwa, da katin shaidar ɗan ƙasa na kwastomomi fiye da ashirin. Gabana ya faɗi. Nan take na kashe zaɓin, na canza mabuɗin hosfot, na kuma ware folda ɗaya mai suna Aiki na saita manhajar ta fara daga nan. Laifin nawa ne, manhajar abin da na ce ta yi shi ta yi.

Wannan ne ya kai ni ga lambar ƙofa ta biyu, 1234. FTP na asali an ƙirƙire shi ne lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar 'yan tsiraru ne a jami'o'i, don haka suna da kalmar sirri da fayil duk a fili suke tafiya. Wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kai, in ya san kan abin, zai iya karanta su. Ƙofa ta biyun ta SFTP ce, wadda ke kulle komai kafin ya fita. Wurin buɗe folda na Windows bai san wannan yaren ba, sai FileZilla ko wata manhajar irinsa mai suna WinSCP. Karon farko da ka haɗa, zai nuna maka wasu dogayen haruffa ya tambaya ko ka amince. Su ne waɗancan da ke ƙasan fuskar manhajar, ka gwada su, in sun yi daidai to wayarka ce. Ya ɗan fi nauyi kaɗan a tsohuwar waya. A shago, a hosfot ɗina da ni kaɗai ke kai yanzu, FTP nake bi. Ranar da na je wani ɗakin taro ɗaukar hoto na hau Wi-Fi ɗinsu, SFTP kaɗai na kunna, don manhajar tana barin ka zaɓi ɗaya ko duka biyun.

Ba zan ba mahaifiyata wannan manhajar ba, kuma mai tura waƙa ɗaya ko biyu ga aboki Xender ya ishe shi. Amma mai shagon buga takardu, mai ɗaukar bidiyon biki, malamin da ke kwashe darussa daga waya, ko duk wanda bakin cajinsa ya gaji, ya ba ta yini ɗaya. Ni har yau ban canza bakin cajin ba. Kebul ɗin durowa kuwa na zaɓi uku masu kyau na ajiye don masu zuwa roƙon caji, sauran kuwa yaron shago ya ɗaure labulen ƙofa da su.